Maginan da ke cikin ƙashinka

Mai karatu, ƙashin da ke jikinka ba busasshen ice ba ne. Yana da rai, jini na ratsa shi. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, kuma a cikin kowanne akwai ma'aikatan da ido ba ya gani.

Yadda suke gini

A cikin ɓargo, da ƙarƙashin tantanin da ya lulluɓe ƙashi, akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ba su kama sana'a ba tukuna. Idan jiki ya bukata, sai su yawaita, su girma, su zama magina. Da farko sukan shimfiɗa wani zare mai laushi, kamar ciyawar da ake cuɗa ƙasar gini da ita. Bayan kwanaki sai sinadarin kalsiyam da fosfet su shiga tsakanin zaren, wurin ya yi tauri. Zaren ne ke hana ƙashi tsagewa, kalsiyam kuma shi ke hana shi lanƙwashewa.

Wasu maginan, ginin da suka yi yakan rufe su. Ba mutuwa suke yi ba, masu gadi suke zama. Ta 'yan ƙananan hanyoyi suke jin nauyin da ƙashi ke ɗauka, su aika saƙo a gyara inda ya raunana. Sai masu rushewa su cinye tsohon wurin, sababbin magina su cike shi. Shi ya sa tafiya da aiki ke ƙarfafa ƙashi, doguwar kwanciya kuwa ta raunana shi.

Idan an samu karaya

Jini yakan daskare a wurin, sannan ɗanyen gini mai laushi ya haɗa ɓangarorin biyu cikin mako 2 zuwa 3. Kafin ya yi tauri, babba yakan ɗauki mako 6 zuwa 12, yaro kuwa bai kai haka ba. Ciwo kan lafa tun ginin yana ɗanye. A nan mutane da yawa ke kuskure, su kwance ɗori su koma gona, ƙashi ya haɗu a karkace ko ya ƙi haɗuwa. Kada ka cire filasta sai likita ya ce. Ka bar taba, don tana rage jinin da ke kai wa magina abinci. Idan yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ɗaurin ya matse. Ka zo asibiti a ranar, don jinkiri na iya jawo a yanke hannu ko ƙafa.

Kayan aikin magina

Magini ba ya gini babu ƙasa. Yaron da bai samu isasshen kalsiyam ba, zaren ƙashinsa ba ya tauri, sai ƙafafunsa su lanƙwashe. Uwa, ki ba yaranki nono, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. Ki bar su su yi wasa a rana, don hasken rana ne ke sa fata ta yi bitamin D, wanda ke taimaka wa hanji tsotse kalsiyam. In kin ga ƙafa ta fara lanƙwashewa, ki kawo yaron tun yana ƙarami.