Matsuyama, birnin ruwan zafi

Ƙasar Japon tana gabashin nahiyar Asiya. Tsibirai ce, teku ya kewaye ta ko'ina. A tsibirin Shikoku akwai wani birni mai suna Matsuyama. Mutanensa sun kai wajen dubu 500. Baƙi suna zuwa can su ga tsohuwar fada, su kuma yi wanka da ruwan zafi.

Fadar tana bisa wani tudu mai tsawon mita 132, a tsakiyar gari. An fara gina ta a shekarar 1602. A 1784 aradu ta faɗa wa babban benenta, ya ƙone. Mutanen garin ba su bar shi kango ba. An sake gina shi, aka gama a 1854. Daga samansa ana hangen gari har teku.

In baƙo ya sauko daga tudu, sai ya shiga ƙaramin jirgin ƙasa mai lantarki zuwa unguwar Dogo. Wannan suna na harshen Japon ne, ba « dogo » na Hausa ba. A nan ruwa yake fitowa daga ƙasa da zafinsa. Ba wanda ya hura masa wuta. Ruwan sama ne yake nutsewa can ƙasa, ya tarar da duwatsu masu zafi, ya ɗumama, sannan ya hauro.

Wata tatsuniyarsu ta ce wani farin zalɓe ne ya riƙa tsoma ƙafarsa mai ciwo a ruwan har ta warke. Da mutane suka gani, su ma suka fara shiga.

Babban gidan wankan na katako ne, an gina shi a 1894. Kowace safiya da ƙarfe 6 ana buga ganga, a buɗe ƙofa. Wurin maza daban, na mata daban. Kowa sai ya fara wanke jikinsa da sabulu kafin ya shiga kwarmin ruwan. Dalili kuwa, ruwan na kowa ne. In mutum ɗaya ya ɓata shi, ya cuci saura.

A Nijar ma akwai irin wannan ruwa a Tafadek, cikin duwatsun Ayar, arewa da Agadas.

Ma'anar kalmomi
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye.
Kango: ginin da ya lalace aka bar shi.

Tambayoyi
1. A wane tsibiri Matsuyama take?
2. Shekara nawa tsakanin ƙonewar benen da gama sabon gininsa?
3. Me yake ɗumama ruwan Dogo?
4. Yaya kuke kula da tsabtar rijiya ko famfon unguwarku?