Katin Banki a Hannun Matafiyi: Darasi Daga Karu

Garin Karu yana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Keffi, kusa da Nyanya da Mararraba, inda Birnin Tarayya ya yi iyaka da Jihar Nasarawa. Kowace safiya 'yan kasuwa daga Kano, Jos, Lafiya da sauran garuruwa suna sauka a wannan yanki, wasu da shanu zuwa mayankar Karu, wasu da hatsi da kayan gwari. A da, irin wannan matafiyi yakan ɗaure kuɗinsa a lalita ko cikin buhu. Tun da tsarin rage amfani da tsabar kuɗi na Babban Bankin Nijeriya ya iso Abuja a watan Yuli na 2013, musamman kuma bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, jarin ya koma cikin kati. Ɓarawo ma ya bi shi can.

Don a fahimci yadda ake wannan sata, tilas a san abubuwa biyu da ke jikin kati. A bayansa akwai baƙin layi na maganaɗisu, wanda ke ɗauke da lambar kati da ranar ƙarewar aikinsa, kuma bayanin da ke cikinsa ba ya canzawa. 'Yan damfara sukan liƙa wata siririyar na'ura a bakin injin ATM, ta kwafe bayanin yayin da kati ke shiga, sa'an nan su ɓoye ƙaramar kyamara a saman madannai don ɗaukar lambar sirri. Da waɗannan biyu sai su buga kati na jabu. A gaban katin kuwa akwai ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya, wanda ake kira cip. Shi yana ƙirƙiro sabuwar shaida ga kowane ciniki, don haka kwafarsa ba ta da amfani ga ɓarawo. Saboda yawan ƙorafin masu ajiya ne Babban Bankin ya tilasta wa bankuna komawa katin cip da lambar sirri a tsakanin 2009 da 2010, lokacin da kamfanin Interswitch ya fito da katin Verve. A wannan fage Nijeriya ta riga Amurka, wadda ba ta ɗauki tsarin gadan-gadan ba sai a 2015.

Amma baƙin layin bai bar bayan yawancin katuna ba, kuma nan ne haɗarin mai fita ƙasashen waje yake. Duk inda mai kanti ya goga kati a gefen na'ura maimakon ya zura shi, to bayanin da ake iya kwafewa ne aka karanta. Ya kamata ɗan kasuwa ya nemi a zura, ya kuma sanar da bankinsa ƙasar da za shi da kwanakin da zai yi kafin ya tashi.

A Karu da maƙwabtanta, damfarar da ta fi yawa a yau ba ta bukatar wata na'ura ta musamman. Gaggawar baƙo ita ce jarinta. Mutum ya sauka daga mota da dare, ga gajiya, ga kaya, injin ATM ya ƙi ba shi kuɗi. Sai wani mai fara'a ya matso da sunan taimako, ya karɓi katin, ya sa a sake danna lambar sirri a gabansa, sa'an nan ya mayar da wani kati na banki ɗaya, mai launi ɗaya, wanda ya daɗe da mutuwa. Mai kati ba zai farga ba sai ya isa masauki, a lokacin kuwa an gama. Haka kuma a rumfunan masu injin POS, waɗanda akasarinsu mutanen kirki ne masu neman halalinsu, akan sami baragurbi da zai juya baya da kati ya ɗauki hoton gaba da bayansa. Doguwar lambar gaba, da ranar ƙarewa, da lambobi 3 na baya, sun isa a gwada sayayya da su a wasu shagunan intanet na waje da ba sa neman ƙarin tabbaci. Wani kuma sifiri ɗaya zai ƙara, naira 20,000 ta zama 200,000, mai kati ya danna lambarsa bai dubi allo ba.

Maganin wannan ba tsada gare shi ba. Kati ba ya barin hannun mai shi: shi zai zura, shi zai zare. Ya karanta adadin kuɗi a allo, ya rufe madannai da ɗaya hannun, ya dubi sunansa a kan katin kafin ya mayar aljihu. Lambobi 3 na baya ya haddace su, ya rufe wurin da ɗan lasifet ko takarda mai danƙo. In cire kuɗi ya zama dole, injin da ke harabar banki da rana ya fi na lungu.

Duk da haka, akwai halin da taka-tsantsan ba ya isa. Mazauna Abuja sun san 'yan fashin da ake kira wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota kamar 'yan haya, su tilasta masa faɗin lambar sirri, su kwashe abin da ke asusu da injin da suke tafe da shi. A nan hankali shi ne a ba su, domin rai ya fi dukiya. Abin da ke rage asara shi ne shirin da aka yi tun a gida, kuma shi ne mafi muhimmanci a wannan darasi: ɗan kasuwa ya raba asusu biyu. Na farko shi ne na jari, katinsa yana gida, kuma ba a buɗe shi a wayar tafiya. Na biyu na guzuri ne, ana zuba masa abin da zai isa kuɗin mota, masauki da abinci. Kuɗin kaya kuwa a biya shi ta hanyar tura kuɗi daga reshen banki, ko wani amintacce a gida ya tura bayan an gama ciniki. Bankuna da dama suna barin mai ajiya ya sa wa katinsa iyakar abin da za a cire a rana, ya kuma kashe sayayyar intanet da ta ƙasashen waje har sai ya bukace su.

In abin ya auku, minti na farko ya fi kwana na biyu daraja. Bankuna suna da gajeriyar lambar toshe asusu da ake dannawa ko daga wayar wani, kuma ya dace matafiyi ya rubuta ta a takarda daban, domin sau da yawa da waya da kati tare ake ɗauke su. Bayan toshewa sai a toshe layin waya, a kai ƙorafi a rubuce ga banki, a karɓi lambar shaida, a kuma sanar da 'yan sanda. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan damfara da katin banki. Idan mako 2 ya wuce banki bai warware matsalar ba, mai ajiya yana da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Ciniki na Babban Bankin Nijeriya, tare da kwafin takardar ƙorafinsa da saƙonnin cire kuɗin da suka shigo wayarsa.