Sassaƙar Asid: Yadda Sinadari Ke Taya Mai Zane Aiki

A tsohuwar hanyar buga hotuna, mai zane kan yi amfani da ƙarfin hannunsa ya sassaƙa layuka a jikin farantin ƙarfe. Aiki ne mai wuya da ke hana hannu sakewa. Dabarar sassaƙar asid ta sauke masa wannan nauyi, ta ɗora wa sinadari.

Asalin dabarar daga maƙeran sulke ne, waɗanda ke yi wa kayan yaƙi ado da asid. Wajen shekarar 1500, Daniel Hopfer na birnin Augsburg ya fara buga hotuna a takarda ta wannan hanya. Da baƙin ƙarfe ya yi aiki, amma saboda tsatsa daga baya aka koma ga jan ƙarfe.

Da farko akan shafe farantin da haɗin kakin zuma da ƙaro, waɗanda asid ba ya ci. Mai zane zai ja allura a kai, yana kankare kakin kawai. Idan aka tsoma farantin cikin ruwan asid, sai ya cinye wuraren da allurar ta buɗe, ya bar ƙananan ramuka. Bayan an wanke kakin, akan cusa tawada cikin ramukan, a goge saman, a ɗora takarda mai laima, a matse da inji. Hoton yakan fito a juye, dama ta koma hagu.

Sirrin kyan aikin yana ga lokaci. Layin da ya jima cikin asid ya fi zurfi, ya fi ɗaukar tawada, don haka ya fi baƙi. Jacques Callot ya ƙware wajen rufe wasu layuka da wuri, sauran su ci gaba da ciyuwa. Da haka ya bambanta nesa da kusa a hotunansa 18 na bala'in yaƙi a 1633. Rembrandt na ƙasar Holan kuwa ya bar hotuna kusan 300, inda haske ke ɓullowa daga cikin duhu.

Sai dai asid ba ya yafe sakaci. Idan faranti ya wuce lokacinsa, layukan sukan haɗe, aikin makonni ya lalace. Haka nan hayaƙin asid ɗin naitirik yana illata huhu, shi ya sa ɗakunan koyon zane da yawa suka koma ga gishirin ferik kulorayid, wanda ke cin jan ƙarfe ba tare da wannan hayaƙi ba.