Yadda Ake Gwada Bawul ɗin Rektifaya a Ji Abin da Yake Yi wa Sautin Amfilifaya

Duk wanda ya riski tsofaffin akwatunan rediyo na Philips ko Grundig, waɗanda sai an kunna an jira sun ɗumama kafin murya ta fito, ya san bawul: kwalaben nan masu kama da ƙwan lantarki da ke ja a bayan akwatin. Taransisto ya kore su daga rediyo da talabijin tuntuni, amma masu kaɗa jita da masu ƙwaƙwar sauraren faifai sun ƙi rabuwa da su, har yau ana ƙera sababbi a Rasha da Sulobakiya da Sin. A cikin kwalaben amfilifaya akwai ɗaya da sauti ba ya ratsa ta ko kaɗan, amma ana tafka gardama a kanta kamar me. Ita ce rektifaya. Wani ya ce ya canza ta sauti ya yi taushi, wani ya ce ya canza bai ji komai ba, kuma mai yiwuwa ne duka biyun gaskiya suka faɗa.

Aikinta shi ne ta karɓi wutar gida, wadda ke kai da komo sau 50 a sakan, ta miƙar da ita ta bi hanya guda, domin irin wannan wutar sauran kwalaben ke ci. Tun 1904 John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro bawul na farko a Ingila, kuma wannan aikin na barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya shi ne abin da yake yi. A ɗauka kwandensar farko randa ce, manyan kwalaben da ke tura lasifika su ne masu ɗiban ruwa, rektifaya kuwa bututun da ke cika randar. In bututun mai faɗi ne, ko an yi wa randar taron dangi ruwa ba zai ja baya sosai ba. In siriri ne, da an yi babban ɗiba sai ruwan ya sauka, ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya dawo. Wannan saukar da dawowar ita Turawa ke kira sag, ni kuwa durƙuso nake ce mata, don wutar durƙusawa take yi ta sake miƙewa. Duk gwajin da za mu yi, a kan faɗin bututun nan yake.

Kafin a taɓa komai, a san da wa ake hulɗa. Cikin amfilifaya mai bawul akwai wutar da ta kai bolt 350 zuwa 500, kuma kwandensoshi suna riƙe ta ko bayan an kashe an zare soket. Tana kisa. Cire kwalba da maye gurbinta daga waje abu ne da kowa zai iya, in ya kashe, ya zare waya, ya jira gilashin ya huce. Amma sa mita a cikin inji yana kunne aikin mai gyara ne wanda ya san yadda ake sauke wutar kwandensa ta cikin rezista, ya kuma saba aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu. In ba kai ba ne shi, ka ɗauki kayanka ka tafi rumfarsa, shi ya riƙe mita, kai ka riƙe biro da takarda.

Mataki na farko ba ya buƙatar kunne, karatu ne. A duba abin da maƙerin ya sa tun asali. Fender Deluxe mai rigar yadi, samfurin 5E3 da aka ƙera a Kalifoniya daga 1955 zuwa 1960, 5Y3GT yake ɗauka. Vox AC30 da Marshall JTM45 na Ingila, da Dynaco ST-70 ta sauraren faifai da ta fito a 1959, GZ34 ne a cikinsu, wanda Amurkawa ke kira 5AR4. Abin da ke ruɗin mutane shi ne 5Y3 da 5V4 da 5U4 da 5R4 da GZ34 duk gindinsu ɗaya ne, kowanne zai shige ramin ɗan'uwansa lafiya lau, kuma duk bolt 5 zarensu na ɗumi yake ci. Shiga rami kuwa ba ita ce dacewa ba.

Abu uku ake dubawa. Zaren 5Y3 da na 5V4 amfiya 2 suke ja, na GZ34 1.9, amma na 5U4GB amfiya 3 cur. Ka dasa 5U4 a taransifomar da aka naɗa don amfiya 2, za ta yi ta zafi har wata rana ka ji ƙauri, kuma taransifoma ita ce mafi tsada a injin. Sai yawan wutar da bawul ɗin zai iya bayarwa: 5Y3 iyakarsa miliamfiya 125, ya ishi kwalabe biyu na 6V6, amma ba zai ɗauki EL34 huɗu na ST-70 ba, inda GZ34 mai 250 ma yake aiki tuƙuru. Na uku girman kwandensar farko. GZ34 yana jure har maikrofarad 60, 5U4GB 40, 5Y3 kuwa ƙasa da haka sosai. In randar ta yi masa girma, cikon farko da ake yi a lokacin kunnawa sai ya sa wuta ta yi tartsatsi a cikin kwalbar. EZ81 na Vox AC15 ba ya cikin wannan dangin, ƙafa tara gare shi, bolt 6.3 yake ci, don haka a bar shi gefe.

Bari mu ɗauki 5E3 a matsayin abin gwaji, tunda yana iya karɓar 5Y3 da 5V4 da GZ34 ba tare da an takura wa zaren taransifoma ba.

Mataki na biyu, a daidaita wutar gida, kuma nan ne mu muke da matsalar da mai gwaji a Landan ba ya tunaninta. Injin da aka ƙera don Amurka bolt 120 yake so, sai an bi da shi ta taransifomar rage wuta. Wutarmu kuma da sunan 230 take zuwa, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka tsakanin hantsi da magariba. In ta sauka da kashi goma cikin ɗari, babbar wutar cikin injin za ta ragu da bolt talatin da wani abu, wato daidai tazarar da ke tsakanin wasu kwalaben biyu. Sai mutum ya rantse ya ji aikin rektifaya, alhali maƙwabci ne ya kunna injin walda. A sa sitabilaiza, a kafa mita ɗaya a soket tun daga farkon gwaji har ƙarshe, duk awon da aka yi a rubuta wutar bango a gefensa.

Yanzu awo. A fara da bawul ɗin asali, a kunna a bar shi minti goma sha biyar, a auna wutar kan kwandensar farko ba tare da an sa wani sauti ba. Sannan a kashe, a cire lasifika a maye gurbinta da babbar rezista mai om 8, wadda za ta jure zafi, don kada a kurmantar da unguwa. Kada dai a kuskura a kunna irin wannan injin babu lasifika babu rezista. A sake kunnawa, a tura masa sauti guda mai tsayawa, ko daga waya ne, a ƙara har ya kai ƙarshen ƙarfinsa, a sake aunawa. Tazarar awo na farko da na biyu ita ce durƙuson. A kashe, a jira, a canza kwalba, a maimaita.

Abin da za a gani ba zai saɓa wa takardun maƙera ba. A cikakken lodinsu, 5Y3 yana cinye bolt 50 zuwa 60 a cikinsa, 5U4GB kusan 50, 5V4 wajen 25, GZ34 kuwa 17 kacal. Dayod na silikon, ɗan ƙaramin abin nan kamar ƙwayar shinkafa, bolt ɗaya ma da ƙyar. Ke nan duk lokacin da ka tashi daga 5Y3 zuwa GZ34 abu biyu ka canza a tare: wuta ta ƙaru, durƙuso ya ragu.

Ƙaruwar nan tana da haɗari, shi ya sa akwai wani awo da bai kamata a tsallake ba. A 5E3, kwalaben 6V6 biyu suna zaune a kan rezista guda mai om 250. A auna wutar da ke kanta. In mita ta nuna bolt 20, a raba da 250, an sami miliamfiya 80, wato 40 ga kowace kwalba. In akwai bolt 340 a tsakanin farantin kwalbar da gefenta da ke zaune a kan rezistar, a ninka, ya ba da wat 13 da ɗoriya, alhali 6V6 iyakarsa wat 12 zuwa 14 ne gwargwadon samfuri. Ka ga tun da bawul ɗin asali ma a bakin gaɓa yake. A sa GZ34 wannan lissafin ya haura, sai a ga farantin ƙarfen cikin kwalbar ya soma ja kamar garwashi. Da an ga haka a kashe nan take. Injinan da ake saita bayas ɗinsu da hannu, wato yawan wutar da manyan kwalabe ke ja a zaune, irin su Deluxe Reverb da ST-70, dole a sake saita shi bayan kowane canji, in ba haka ba bayas kake saurare ba rektifaya ba. A kuma duba lambar da ke jikin kwandensoshi, a tabbata sabuwar wutar ba ta wuce abin da aka rubuta ba, musamman a sakannin farko: 5Y3 da 5U4 suna sakin wuta kusan nan da nan, kafin sauran kwalabe su farka su fara ja, shi kuwa GZ34 yakan ɗauki sakan goma ko fiye yana tasowa a hankali. Wannan haƙurin nasa, a ganina, ya fi duk wani daɗin sauti da ake jingina masa amfani.

Sai a zo kan kunne, inda yawancin masu gwaji ke yaudarar kansu. Hannun makaɗi ba ya maimaita bugu iri ɗaya sau biyu, kuma in ya san kwalba mai tsada ce a ciki, da kansa zai ƙara kaɗawa da shauƙi. Don haka a naɗi kiɗan sau ɗaya, shi za a riƙa turawa cikin injin a kowane zagaye. A zaɓi mai bugu masu ƙarfi da ake saki su yi ta amo, da mai saurin yatsu a igiyoyin ƙasa. A kafa makirfo a gaban lasifika, kada a motsa shi ko da faɗin yatsa, kada a taɓa maɓallan injin. A naɗi kowane bawul sau biyu: da ƙaramar murya, da kuma inda injin ya fara gurnani.

Bayan nan a daidaita ƙarfin abin da aka naɗa a kwamfuta. Dalili kuwa, in wuta ta tashi daga 350 zuwa 380, ƙarfin injin zai ƙaru da kimanin kashi 18 cikin ɗari, wanda bai kai desibel ɗaya ba. Kunne ba zai ce an ƙara murya ba, cewa zai yi sauti ya fi tsabta, ya fi cika. Duk wanda bai daidaita wannan ba, kullum mai ƙarfin zai zaɓa.

Daga nan a samu aboki ya riƙa kunna biyu daga cikinsu a gauraye ba tare da ya faɗi wanne ne ba, kai kana juya baya. A yi sau goma. In ka canka biyar, ba ka ji komai ba, ko kwabo aka jefa abin da zai bayar ke nan. In ka canka tara ko goma, to akwai magana.

Me ake ji in an yi haka? A injin jita mai kwalabe biyu masu tura da ja, wanda aka ƙure, bambancin na gaske ne. Da 5Y3, farkon bugun yana lanƙwasa, sai amon ya kumburo daga baya ya daɗe, igiyoyin ƙasa su ɗan yi laɓo-laɓo. Wannan ne sautin da ake bin tsohon Deluxe dominsa, irin wanda mawaƙi Neil Young ya daɗe yana kaɗawa da shi. Da GZ34 bugun yana fitowa tsaye, ƙasan ya ɗaure, gurnani ya jinkirta. 5V4 yana tsakiya. Makaɗin ma ya fi mai sauraro jin abin, a yatsunsa, shi ya sa bayan gwajin makanta ya dace ya rungumi jitar ya kaɗa da kansa. Kamfanin Mesa/Boogie ya san da haka, har ya sa wa Dual Rectifier maɓallin zaɓi tsakanin 5U4 da silikon.

Amma a ƙaramin inji mai babbar kwalba guda, kamar Fender Champ, wutar da ake ja kusan ɗaya ce ko ana kiɗa ko an yi shiru. Randar da ake ɗiba daidai wa daida ba ta durƙusawa, abin da ya canza kawai yawan wutar ne. Haka injin sauraren faifai da ake kunnawa a falo da madaidaiciyar murya: mita za ta nuna bambanci, kunne kuwa da wuya ya kama shi bayan an daidaita ƙarfi.

Saura batun kamfani. GZ34 na Mullard da aka ƙera a Blackburn ta Ingila ya yi suna, kuma ya cancanta, don yana daɗewa ƙwarai yana aiki. Sai dai in kwalabe biyu masu lamba ɗaya suka ba da awo ɗaya a zaune da kuma a ƙarƙashin lodi, ban ga ta inda sautinsu zai bambanta ba, tunda sauti ba ya bi ta cikinsu. Inda ake jin bambanci, galibi mita ta riga ta gani: ko ɗaya ta tsufa ta raunana, ko kuma irin wasu 5Y3 na zamani ne da ba sa cinye wuta kamar na da, lambar ce kawai ta 5Y3.

In injinka na sauraren faifai ne, ka bar masa lambar da maƙerinsa ya sa, ka sayi mai lafiya guda biyu ka ajiye ɗaya. In na jita ne kuma kana ƙure shi, 5V4 ko 5Y3 sun cancanci gwaji, bayan mai gyara ya duba maka lissafin nan uku. Kuɗin da ka yi niyyar zubawa a tsohuwar kwalbar Ingila kuwa, ka fara sayen sitabilaiza da su.