Tsakanin Akushi da Gumi: Lissafin Kalori da Nauyin Jiki

Gabatarwa

A ƙasar Hausa an daɗe ana kallon ƙiba a matsayin alamar wadata da kwanciyar hankali. Sai dai binciken likitoci ya tabbatar da cewa kitsen da ya wuce kima, musamman na teɓa, yana buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari da cututtukan zuciya. Mutane da yawa in sun ƙudiri aniyar rage nauyi, sai su kama sassarfa da asuba, amma abin da ke cikin akushi bai canja ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin da ya sa hakan ba ya wadatarwa.

Mene ne kalori?

Kalori ma'auni ne na makamashin da ke cikin abinci. Kalori guda, irin wanda ake rubutawa a jikin gwangwani, shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo 1 da digiri 1. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani masani ɗan Amurka, Wilbur Atwater, ya auna cewa giram 1 na sitaci ko sukari yana ba da kalori 4, na furotin ma 4, amma na mai 9. Ke nan babban cokali guda na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120. Abin da jiki ya karɓa bai ƙona ba, sai ya adana shi a matsayin kitse, kuma kilo 1 na kitsen jiki ya kai kalori kusan 7,700.

Ina makamashin yake tafiya?

A ƙiyasi, namiji baligi yana buƙatar kalori kusan 2,500 a rana, mace kuwa 2,000, gwargwadon shekaru da girman jiki da irin sana'a. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan adadi yana ƙonewa ne ko da mutum yana kwance, wajen bugun zuciya da numfashi da aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Narkar da abinci yana cin kusan kashi 10. Ragowar ita ce rabon motsi.

To, bari mu yi lissafi. Mai nauyin kilo 70 in ya yi tafiya da sauri ta awa guda, zai ƙona kalori kusan 300. Kwalbar lemo guda tana da kalori kusan 140. Wato kwalba biyu bayan cin tuwo sun kusa mayar da duk abin da gumin awa guda ya fitar. Haka nan ƙona kilo 1 na kitse da tafiya kaɗai zai ci awa fiye da 25.

Har ila yau, jiki yana da dabarar tsimi. A shekarar 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa suka auna makamashin da mutanen Hadza na Tanzaniya ke ƙonawa. Duk da doguwar tafiyar da suke yi kullum wajen farauta da neman abinci, in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa bai bambanta sosai da na mazauna Turai da Amurka ba.

Amfanin motsa jiki

Kada mai karatu ya ɗauka motsa jiki aikin banza ne. Yana kare tsoka daga zubewa lokacin da aka rage ci, yana sauke hawan jini, yana kuma taimaka wa wanda ya rage nauyi kada ya koma gidan jiya. Wani bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3,000 masu haɗarin kamuwa da ciwon sukari, wanda aka buga a 2002, ya nuna cewa haɗa gyaran abinci da motsa jiki na minti 150 a mako, da nufin rage kashi 7 cikin 100 na nauyi, ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligai da su yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2.

Kammalawa

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba nauyin aikin gida biyu. A rage kalori kusan 300 daga abinci, ta hanyar taƙaita man miya da soye-soye irin su ƙosai da masa, da sukarin shayi da lemon kwalba. Sannan a ƙara tafiyar minti 30 zuwa 40 a kullum. Wannan zai iya rage kusan rabin kilo a mako da farko, daga baya raguwar ta yi sanyi, domin ƙaramin jiki ba ya buƙatar makamashi kamar babba. Wannan ba alamar gazawa ba ce. A riƙa auna ƙugu kuma: bai kamata ya kai rabin tsawon mutum ba. Mai ciwon sukari ko na zuciya, da mace mai juna biyu, su nemi shawarar likita kafin su soma.