Darasi: Tace Wutar Lantarki a Gidan Niƙa

'Yan'uwa manoma, injin niƙa da famfon ban ruwa na ƙungiya kuɗin mutane da yawa ne. Ga wani abin da yakan lalata su a ɓoye.

Wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa ɗaya. Amma akwatin nan mai ƙara gudun inji ko rage shi ba ya jan wuta a hankali, fizgarta yake yi. Fizgar takan haifi waɗansu kaɗawa masu sauri, sau 250 da sau 350 a daƙiƙa. Masana suna ce da su hamonik. Su ne dauɗar wuta.

Ga alamunta:
1. Taransifoma ko janareto ya yi zafi, alhali aiki bai yi masa yawa ba.
2. Fis yana yawan ƙonewa.
3. Inji yana gurnani.

Maganinta mataci, iri biyu ne. Na dā, wato kafasita da naɗin waya, dauɗar da aka saita masa kaɗai yake kamawa. Sabon kuwa mai aiki da kansa ne. Kullum yana auna wutar, ya aika da kishiyar dauɗar, su kashe juna. In aiki ya sake, shi ma ya sake.

Amma yana da tsada. Kada ku saya sai gwanin lantarki ya auna wutarku tukuna. Wani lokaci naɗin waya guda a gaban akwatin ya isa.

Tambaya domin taronku: nawa kuka kashe bara wajen gyaran inji?