Abin da Ya Riƙe Mutanen Montgomery Kwana 381

Karatu: Nehemiya sura 3.

'Yan'uwa, da yawa cikinmu sun ji labarin Rosa Parks, baƙar mace mai ɗinki a birnin Montgomery, cikin Amurka. Ran 1 ga Disamba 1955 direban bas ya ce ta tashi ta ba Bature wurin zama. Ta ƙi, aka kama ta. Akan ba da labarin kamar gajiya ce kaɗai ta hana ta tashi, jama'a kuwa suka fusata farat ɗaya. A dā waɗansu masanan zaman jama'a ma haka suke ɗaukan irin wannan tashi, wai kamar gobarar daji ne.

Wani masani, Aldon Morris, bai yarda ba. Ya bi waɗanda suka yi aikin yana tambayarsu, a 1984 ya buga abin da ya samu. Ashe an daɗe ana shiri. Rosa Parks tana sakatariyar ƙungiyar NAACP ta garin tun 1943. Daren da aka kama ta, wata malamar koleji, Jo Ann Robinson, ta kwana tana buga dubban takardu na cewa kada kowa ya shiga bas ran Litinin. Fastoci suka sanar ran Lahadi. Aka ɗora shugabanci a kan Martin Luther King, yana da shekara 26. Shi kuwa ya nemi shawarar Fasto T. J. Jemison, wanda ya yi irin wannan a Baton Rouge a 1953, a kan yadda za a kai mutane wurin aiki da motocin 'yan'uwa.

Don me ekklesiya ce ta iya? Gama ginin nata ne, baiko nata ne, fasto kuma daga hannun masu bi yake ci, ba Baturen da zai kore shi daga aiki. Mako mako suna taruwa, a yi addu'a, a ji labari, a tara kuɗin mai. Har da aka jefa bam a gidan King a Janairu 1956, ba su rama ba, ba su kuma koma bas ba. Sai da kotun ƙoli ta rushe dokar wariyar, suka koma a Disamba 1956.

Mu fastoci muna son ambaton King, amma kada mu manta yawancin masu tafiyar nan a ƙasa mata ne 'yan aikin gida. Wata mai dafuwa, Georgia Gilmore, ta tara mata suna sayar da abinci, suna kawo kuɗin wurin taro. Ku duba Nehemiya 3:12, 'yan matan Shallum suna cikin masu gini. Aya 5 kuwa ta nuna manyan Tekowa sun ƙi sa hannu. Irinsu ma an same su: a 1963 shugabannin addini takwas, Turawa, a jihar Alabama, suka ce zanga-zangar Birmingham ba ta zo a lokacinta ba, a jira kotu. King ya amsa musu daga kurkuku.